Danna Masa Ko Ɗaya

Ƙarfe bakwai na yamma wayar da ke kan firij ta yi ƙara. Herlinda tana gaban murhu tana juya tortiya, gurasar garin masara, a kasko, ƙafafunta a kumbure saboda wunin da ta yi a kan tsani a gonar tuffa. Mijinta Eusebio, wanda duk kwarin Yakima, nan Amurka, ake kira Chebo, yana tsakar gida a kujerar roba da gwangwanin giya a hannu.

"Ke Herlinda! Kunnenki ya toshe ne? Abar can tana kuka."

Ta goge hannu a jikin rigarta, ta ɗauko wayar daga gefen kyandir ɗin Budurwa Maryamu. Rubutu ya fito: "Barka da yamma, Eusebio. Gwangwani nawa ka sha yau?" A ƙasa ga lambobi, ga kuma wurin da aka rubuta "ko ɗaya" don wanda bai sha komai ba. Ta leƙa ta taga. Huɗu ta gani a murƙushe a gindin kujera, na biyar yana bakinsa, rana kuwa ko faɗuwa ba ta yi ba.

"Danna masa ko ɗaya," in ji surukarta Doña Tiburcia, ba ta ko ɗago kai daga waken da take tsincewa ba.

"Mama, jiya ma fa ko ɗaya na danna."

"Gobe ma shi za ki danna. Yatsan naki ne zai ƙare?"

Sati uku ke nan ana wannan aikin. Chebo shi ne direban bas ɗin da ke kwasar mata goma sha ɗaya zuwa gona da asuba, har da matarsa. Wata Litinin ya sauke su lafiya, a hanyar komawa ya zura bas ɗin cikin rami, babu kowa a ciki sai shi da warin giyar Lahadi. Don Rutilio, foman ɗin gonar, bai kira 'yan sanda ba, don garinsu ɗaya a jihar Michoacán ta ƙasar Meziko. Makulli kawai ya karɓe. Ya ce akwai wani shiri a asibitin 'yan gona na masu son rage sha, a waya ake yin sa, sati goma sha biyu. In Chebo ya gama ya kawo takarda, makulli zai dawo hannunsa. Asibitin ne ya ba da wayar. Ranar farko Chebo da kansa ya amsa, ya danna takwas, fuskar wayar ta yi ja, abokan shansa suka yi ta sheƙa masa dariya, wai ga ƙato har ƙato yana kai ƙarar kansa wurin waya. Bai ƙara taɓa ta ba. A gidajenmu dama duk wata takarda aikin mace ce, ta makaranta, ta asibiti, ta gidan haya. Sai wayar ma ta shiga layin aikin Herlinda, tsakanin girki da wanke-wanke.

Ta danna ko ɗaya. Wayar ta nuna ɗan tauraro, ta ce madalla. Sai kashi na biyu ya fito, wanda babu mai kula da shi a gidan: "Yau gabanka ya faɗi ba dalili? Ka ji numfashinka yana sarƙewa? Ka kasa daina tunanin wani mugun abu zai faru?"

Kullum a nan ma a'a take dannawa don a gama da wuri. Amma ran nan sai ta tsaya tana kallon rubutun. Shekararta goma sha huɗu a gidan nan, ba ta tuna ranar da wani mahaluki ya yi mata irin wannan tambayar ba. Ta waiwaya, tsohuwa tana kan wakenta. Ta danna e, ta sake danna e, ta kuma dannawa. Wata shuɗiyar da'ira ta fito tana girma tana raguwa, wayar ta ce a ja numfashi in ta girma, a sake shi in ta ragu. Herlinda ta shige banɗaki ta kulle ƙofa, ta zauna a bakin baho tana bin da'irar, har hawaye suka zubo mata ba ta san daga ina suka taho ba. Ƙaurin tortiya ne ya fito da ita.

Tun daga ranar wayar ta rabu gida biyu. Sama na Chebo ne, ƙarya zalla. Ƙasa na Herlinda ne, kuma ko a gaban Fada a coci ba ta taɓa faɗin gaskiya kamar haka ba.

Wani surukin Don Rutilio ne ke tuƙa bas ɗin yanzu. Chebo yana can kujerar baya, hula a kan fuska, zai je ya hau tsani kamar kowa, abin yana cin sa. Herlinda ma ta bar kujerar gaba, wadda a al'adar bas ɗin ta matar direba ce, ta dawo kusa da Otilia. Otilia ce ta riƙe Itzel, 'yar Herlinda ɗaya tilo, ranar baftisma, shi ya sa suke kiran juna comadre. Mace ce mai jiki, mai baki, ba ta iya yin shiru ko a cikin coci.

"Comadre, wai da gaske ne mijinki ya zama waliyyi?" ta ce da ƙarfi yadda na baya za su ji. "An ce waya ta wanke shi tas. Don Allah ara min ita in ɗora wa nawa a ka."

Mata suka kwashe da dariya. Chebo bai ɗaga hularsa ba.

"Ki bari makulli ya dawo," Otilia ta ci gaba. "Kujerar gaban can da kike hayewa, ranar da duk ba ki zo ba ni zan miƙe ƙafa a kanta kamar matar gwamna."

Herlinda ta yi murmushin dole. Maganar makullin ce ta tsaya mata a ƙirji. Duk sanda ta danna ko ɗaya, makullin nan yana ƙara matsowa hannun Chebo ne, kuma matan nan da ke dariya su ne za su zauna a bayansa.

A watan Agusta, wata rana da zafi ya kai zafi, tana can ƙololuwar tsani da jakar tuffa cike a ƙirji, sai ta ji ƙarar birki daga titi. Shi ke nan. Zuciyarta ta shiga dukan haƙarƙari, hannuwanta suka mutu, iska ta ƙi wuce maƙogwaro. Ta rungume reshe tana jin yau kam mutuwa za ta yi. Otilia ce ta riƙe tsanin, ta yi ta lallashinta har ta sauko mataki-mataki.

"Fuskarki ta koma kamar garin masara," in ji Otilia, wannan karon babu wasa a muryarta. "Ki je asibiti, comadre."

Da ta faɗi haka a gida, Doña Tiburcia ta ɗauko ɗanyen ƙwai, ta shafe mata jiki da shi daga kai har ƙafa tana addu'a, ta fasa shi a kofin ruwa ta ɗaga tana dubawa.

"Nerbiyos ne kawai, ciwon fargaba. Uwata ta yi shi, ni ma na yi shi, babu wadda ta mutu. Ki sha shayin ganye ki kwanta."

"Mama, ji nake kamar zuciyata za ta tsaya. Gara in ga likita."

"Ki je ki ce masa me? Ki miƙa musu sunanki da lambar gida, ke da ko takardar zama a ƙasar ba ki da ita? Mu da muke rufa miki asiri, ke kuma kina neman tona wa kanki."

Ranar Lahadi kuwa babu fashi. Bayan coci za a hura gawayi, a ɗora nama, maza su zagaye akwatin ƙanƙara mai cike da giya. A wurinmu in mutum ya miƙo maka gwangwani ka ce a'a, kamar ka tofa masa yawu ne. Ni kaina na sha ganin wanda likita ya hana, ya karɓa yana dariya don kada a ce matarsa ta fi ƙarfinsa. Chebo kam ba ya ma jira a miƙo. Da yamma, bayan baƙi sun watse, Herlinda ta same shi yana kankare wajen gashi.

"Chebo, ko rabi ka rage. Ko don makullin nan."

"Na taɓa dukan ki?"

"A'a."

"Na taɓa barin ku da yunwa? To mene ne? Mutum ya wuni rana tana gasa shi a gonar wani, ya dawo gidansa kuma a ƙirga masa abin da zai jiƙa maƙoshi?"

"Bar ta," tsohuwa ta amsa daga taga. "Babanka ya sha har ya koma ga Allah, bai taɓa fashin aiki ba." Abin da ta tsallake shi ne yana da shekara hamsin da takwas ya koma, cikinsa ya kumbura kamar ganga.

Ƙarfe bakwai ta yi, wayar ta yi ƙara.

A sati na tara wayar ta yi wata ƙarar daban, ta kira. Noemí ce, ma'aikaciyar lafiyar da ke duba amsoshin masu shirin. Chebo ya gyara murya, ya buɗe lasifika don uwarsa ta ji yabo.

"Don Eusebio, na taya ka murna. Sati tara ko ɗigo, ba kowa ke iyawa ba."

"Ai sai godiyar Allah, 'yata. Da ƙoƙari."

"Sai dai ɗaya ɓangaren ne ya hana ni sukuni. Sati shida ke nan kana cewa ba ka barci, kullum gabanka na faɗuwa, har ka rubuta cewa ka ji kamar za ka mutu a kan tsani. Wannan ba abin zama da shi ba ne, yana da magani. Ka zo ranar Alhamis likita ya gan ka."

Chebo ya ce to, ya yi sallama cikin ladabi. Yana kashe wayar ya kai wa firij naushi, kyandir ya faɗo ya mutu. Itzel ta ruga ɗaki.

"Ni kika mayar matsoraci a idon asibiti? Ni ne gabana ke faɗuwa? Cewa aka yi ki danna ko ɗaya, wa ya aike ki wannan shirmen?"

"Tambaya suka yi, na amsa."

"Ke aka tambaya?"

Doña Tiburcia ce ta tsinci kyandir ta sake kunnawa, kanta ya riga ya gama lissafi.

"Kwantar da hankalinka, ɗana. In ka je ka ce ba ka san zancen ba, za su gane ba kai ke amsawa ba, makulli ya tafi ke nan. Ka je, duk abin da likita ya karanto ka ce e. Saura sati uku. Ke kuma ki ci gaba yadda kika fara, kada su ga canji."

Haka aka yi. Likita ya karanta wa Chebo ciwon matarsa layi-layi, Chebo yana gyaɗa kai. Ya dawo da 'yar kwalbar ƙwayoyi mai sunansa a jiki. Da farko wurgi ya yi da ita kan firij. Sai wata asuba, hannuwansa suna rawa kamar yadda suka saba bayan sha, ya haɗiyi ɗaya don gwaji, ya ga rawar ta tsaya. Daga nan kwalbar ta koma aljihunsa.

Herlinda ta karanta takardar da ke jikin kwalbar, ai karatun takarda aikinta ne. An rubuta ɓaro-ɓaro: tana sa barci, kada a haɗa da giya, kada a yi tuƙi. Ta karanta musu a gaban abinci.

"Haka suke rubutawa a jikin kowane magani," in ji Chebo. "Har na tari."

Wata safiya da ƙirjinta ya ɗaure tun kafin ta sa takalmi, ta ce, "To ba ni guda ɗaya in gwada. Ai don ciwon nan aka bayar."

Doña Tiburcia ta ɗaga kwalbar ta juya mata rubutun. "Karanta. Sunan wa kika gani? Ba a shan maganin wani, sai ki ja mana abin magana."

Wannan maganar ta yi wa Herlinda ciwo fiye da naushin firij. Ita ta yi rashin barcin, ita ta rungumi reshe, ita ta zauna ta bayyana ciwon dalla-dalla, ga magani ya zo har gida, an ce ba nata ba ne.

A ƙasan fuskar wayar akwai wani ɗan koren wuri da aka rubuta "Yi magana da mutum". Ta daɗe tana kallon sa. Saura kwana biyar shirin ya ƙare, ta shiga banɗaki ta danna shi. Ƙara ɗaya wayar ta yi, aka turo ƙofar, don sakatar ta daɗe da lalacewa. Tsohuwa ta zare wayar daga hannunta ta kashe. Ba ta ɗaga murya ba.

"Zauna ki ji, 'yata. Yarinyar can a ƙasar nan aka haife ta, takardunta suna nan. Na ubanta suna nan. Ke fa? In aka fara tambaye-tambaye a gidan nan, wa kike jin za a fara sakawa a mota a kai kan iyaka? Ni ba zan ƙi renon jikata ba, amma ke za ki iya?"

A ƙofar asibitin nan an manna sanarwa cewa ba a tambayar kowa takarda. Herlinda ta taɓa gani da idonta. Amma macen da ta yi shekara goma sha biyar tana raɓewa in ta hango motar hukuma, sanarwar bango ba ta isa ta kwantar mata da hankali ba, kuma tsohuwa ta san haka.

Abin da ta iya yi shi ne ta faɗa wa Otilia. Suna hutun rana a gindin bishiya, suna cin wake da barkono a cikin tortiya.

"Comadre, ba shi ke amsa wayar nan ba. Ni ce. Ko kwana ɗaya bai daina sha ba."

Otilia ta kalle ta kamar ta ce mata ruwa yana jiƙa mutum. "To wa bai sani ba? Har Don Rutilio ya sani. Takarda kawai yake so ya ajiye a aljihun tebur, ya nuna wa mai gona in an tambaya."

"Akwai ƙwaya kuma yanzu, mai sa barci. Ranar Litinin kada ki shiga bas ɗin nan."

"In hau me, tsintsiya? Mil ashirin ne fa, ga tuffa ta nuna. Shekara tara yana tuƙa mu. Na rantse miki Chebo a buge ya fi surukin can iya tuƙi, shi da ke taka birki kamar yana kashe kyankyaso." Ta yi alamar gicciye, ta tura mata sauran abincinta. "Allah zai tsare. Ci, kin rame."

Ranar ƙarshe Herlinda ta riƙe wayar. Itzel tana tebur tana zane, tsohuwa tana tsaye a bakin ƙofa. Ta danna ko ɗaya. Fuskar wayar ta cika da furanni. Ranar Juma'a aka ba Chebo takarda, ranar Asabar Don Rutilio ya miƙa masa makulli. Ranar Lahadi aka yi walimar daina sha, da katan huɗu na giya. Don Rutilio ma ya zo, shi ya fara ɗaga gwangwani. Herlinda tana raba nama tana ƙirgawa, don ƙirgar ta riga ta zama mata jiki. Kafin rana ta faɗi mijinta ya sha sha ɗaya.

Da asubar Litinin mata suka taru a ƙofar gida da jakunkunan abinci. Chebo ya kasa riƙe kofin kofi saboda rawar hannu, ya haɗiyi ƙwaya biyu. Herlinda ta ɗauki jakarta, ta kai bakin ƙofa, ta hango bas ɗin, sai ƙafafunta suka ƙi. Ta sulale ƙasa, numfashi yana fita da ƙyar. Ta kamo hannun rigarsa.

"Chebo, don girman Allah kada ka tuƙa yau. Yau ɗaya kawai."

Ya ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. "A gaban mutane za ki kunyata ni?"

"Ranar farkon mijinki kika zaɓa ki yi wannan wasan kwaikwayon?" in ji tsohuwa. "Bar ta nan, ɗana. Je ka."

Herlinda ta so ta ƙwala wa matan kira, muryar ba ta fito ba. Ta tagar gaba Otilia ta leƙo kai tana ɗaga mata hannu.

"Sha shayi ki kwanta, comadre! Yau ni ce matar gwamna!"

Mil shida suka yi. Titi ne miƙaƙƙe a gefen babbar magudanar ruwan noma, babu kwana, babu wata mota. Ko alamar birki ba a gani a kwalta ba. Bas ɗin ya sauka daga titi a hankali kamar mai neman wurin tsayawa, ya daki ginshiƙin gada da ɓangaren kujerar gaba. Mata uku suka karye. Chebo ya tsira da karayar ƙashin kafaɗa. Otilia ko asibiti ba ta kai ba.

Da la'asar Doña Tiburcia ta dawo daga wurin ɗanta. Ta tarar da Herlinda zaune a ƙasan kicin inda ta bar ta tun da labari ya zo. Ta ajiye jaka, ta tsaya a kanta.

"Kin ga abin da kika jawo? Ke kika rubuta musu ba ya barci. Ke kika sa aka ba shi ƙwayar da ta sa shi barci a kan sitiyari. Da kin tsaya a abin da aka sa ki, da yanzu comadrenki tana gida."

Herlinda ta ɗago ido ta kalle ta.

"Amma abin da ya faru ya faru. 'Yan sanda sun ɗebi jininsa, sakamako sai nan gaba. Kafin nan maganarmu ɗaya ce: sati goma sha biyu bai sha ba, ga takarda, ga waya shaida. Laifin ƙwayar likita ne. Kin ji ni?"

Ba a mayar da wayar asibiti ba tukuna. Ƙarfe bakwai ta yi ƙara a kan firij, kamar babu abin da ya faru.

"Tashi," in ji tsohuwa. "Danna masa ko ɗaya."

Herlinda ta tashi. Tsoron bai je ko'ina ba. Ta ɗauki wayar ta fita tsakar gida, inda gwangwanayen jiya suke tule a cikin baƙar leda. Tsohuwa ta biyo ta tana kiran sunanta. A gabanta Herlinda ta danna koren wurin.

"Don Eusebio?" in ji muryar Noemí. "Na ji abin da ya faru, ina ta..."

"Ba shi ba ne. Matarsa ce, Herlinda. Tun kwana na biyu ni ke amsa miki. Jiya gwangwani sha ɗaya ya sha, shekaranjiya bakwai. Babu ranar da ko ɗaya gaskiya ce. Rashin barcin da faɗuwar gaban kuma nawa ne."

Noemí ta ce, "Doña Herlinda, kina wurin da ba za a taɓa ki ba? Kada ki kashe. Ina tare da ke."

Kafin gari ya waye kayanta suna ƙofar gida a cikin irin baƙar ledar nan. Ta kama hannun Itzel suka tafi ɗakin da Noemí ta samar musu a bayan wata coci. Tsohuwa ta rantse sai ta ƙwato jikarta a kotu. Har yau babu wanda ya zo ya saka Herlinda a mota, amma duk motar da ta tsaya a waje sai ta miƙe.

Na je addu'ar kwana tara a gidan Otilia. Da Herlinda ta shigo, matan da ke kan benci suka matsa, suka bar mata fili mai faɗi. Rabinsu suna cewa ƙaryarta ce ta kashe Otilia. Rabi suna cewa wace irin mace ce za ta miƙa mijinta ga hukuma yana kwance da karaya. Ban ji wadda ta ambaci Don Rutilio ba, shi da takardarsa tana nan lafiya a aljihun tebur. Ban ji wadda ta ambaci tsohuwa ba, ita da take gaba-gaba tana jan addu'a. Mu duka mun ga katan huɗun nan ranar Lahadi, mun ci nama, mun ce Allah ya sanya albarka. Ni ma ina wurin, har na ƙara faranti. Gida guda ya ɗora wa mace ɗaya ƙaryarsa, unguwa guda ta taya shi riƙewa, da abin ya fashe kuma duk muka nuna yatsan da ya danna. A waje, muna cikin addu'a, ina jin maza suna buɗe gwangwani, wai don su rage zafin rashi.

Yanzu Herlinda tana da wayar shirin tata. Ƙarfe bakwai ta yi ƙara a kan tagar ɗakin bayan coci. "Barka da yamma, Herlinda. Gwangwani nawa kika sha yau?" Ta danna ko ɗaya, karo na farko da amsar ta zama gaskiya. Ɗan tauraro ya fito. Ta wuce tambayar faɗuwar gaba, ta wuce ta numfashi, ta zo ta ƙarshe: "Kin kasa daina tunanin wani mugun abu zai faru?"

Wuri biyu ne a ƙasa, e da a'a. Ta daɗe tana dubawa. Babu inda za ta danna cewa ya riga ya faru.